Wa ya fi ƙarfi, raƙumi ko tururuwa?

 

A wannan karo filinmu zai taɓo wata gardama da ba ta ƙarewa a dandali da bakin kasuwa. Yanzu a garuruwa da yawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, za ka tarar da samari sun zuba siminti cikin gwangwanaye biyu, sun soka sandar ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa da la'asar. In an gama sai gardama ta tashi. Wani ƙato ya ɗaga kilo 90, wani siriri ya ɗaga kilo 75. Mutanen ƙato su ce 90 ta fi 75, magana ta ƙare. Mutanen siriri su ce a dubi jikinsa tukuna: shi kilo 55 ne, ƙaton kuwa kilo 100. A haka ake watsewa, kowa da fushinsa.

Abin da ke faruwa shi ne, tambaya biyu ake amsawa ana tsammanin ɗaya ce. Ta farko: kilo nawa mutum ya ɗaga? Wannan za mu kira shi ƙarfi tsantsa. Ta biyu: abin da ya ɗaga, ninki nawa ne na nauyin jikinsa? Wannan za mu kira shi ƙarfi gwargwadon jiki. Wanda ya gane bambancin zai iya raba gardamar samari. Kuma zai san irin kayan da ya kamata a aza ma yaro, da irin wanda ya kamata a bar ma babba, da wanda ko babban ma bai kamata ya ɗauka shi kaɗai ba.

Yadda ake wasan

Ɗaga ƙarfe wasa ne na duniya, yana cikin wasannin Olamfik da ake yi kowace shekara 4. Kayan wasan sanda ce ta ƙarfe, ta maza kilo 20, ta mata kilo 15. Ana zura mata fayafayai masu nauyi hagu da dama.

Ɗagawa iri biyu ce. A ta farko mutum zai fizgo ƙarfen daga ƙasa ya kai shi sama da kansa a tashi ɗaya, ba tsayawa a hanya. Mu kira ta fizga. A ta biyu zai fara kawo shi bisa kafaɗu, ya miƙe tsaye, sannan ya tura shi sama har hannuwa su miƙe. Mu kira ta mai zango biyu. A ita aka fi ɗaga nauyi mai yawa.

Ana ba kowane ɗan wasa dama sau 3 a kowace iri, alƙalai 3 suna zaune suna duba ko ɗagawar ta yi daidai. Daga ƙarshe sai a ɗauki mafi nauyin abin da ya ci a fizga, a haɗa da mafi nauyin abin da ya ci a mai zango biyu. Jimillar ita ce sakamakonsa. Amma kafin kowa ya taɓa ƙarfe, awa 2 kafin a fara, sai ya hau sikeli an auna shi. Ku riƙe wannan, a kansa maganarmu take.

Mutum biyu

Na farko sunansa Na'im Sulaimanoglu. Baturke ne, an haife shi a ƙasar Bulgariya a 1967, ya koma Turkiyya a 1986. Gajere ne ƙwarai, tsawonsa mita 1 da santimita 47, wato yaron lakkal ɗan shekara 12 zai iya kamo shi. A wasannin Olamfik na 1988 a birnin Sewul na Koriya ta Kudu, nauyin jikinsa bai wuce kilo 60 ba. Ya ɗaga kilo 152 da rabi a fizga, ya ɗaga kilo 190 a mai zango biyu. Jimilla kilo 342 da rabi. Don ku gane, kilo 190 saura kilo 10 ya cika buhun siminti 4. Ya ci lambar zinariya a wannan shekara, ya sake ci a 1992, ya sake ci a 1996. Ya rasu a 2017.

Na biyu sunansa Lasha Talakadze, mutumin ƙasar Jojiya. Tsawonsa ya kusa mita 2, nauyin jikinsa wajen kilo 180, wato Na'im uku ke nan. A watan Disamba na 2021, a gasar duniya ta birnin Tashkent, ya ɗaga kilo 225 a fizga da kilo 267 a mai zango biyu. Jimilla kilo 492. Kilo 267 buhun siminti 5 ne da ɗoriyar kilo 17. Kafin wannan rana ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa kai nauyi irin wannan sama da kansa a wurin gasa. Shi ma ya ci zinariyar Olamfik sau 3: a 2016, da 2021, da 2024.

To, wa ya fi ƙarfi? In ƙarfi tsantsa ake tambaya, Lasha ne: ya ɗara Na'im da kilo 77 a mai zango biyu. In kuwa gwargwadon jiki ake tambaya, sai mu yi rabawa. Raba 190 da 60, za ka samu 3 da ɗan ɗoriya. Raba 267 da 180, ba ta cika 1 da rabi ba. Ke nan Na'im ya ɗaga nauyin kansa sau 3, Lasha bai cika sau 1 da rabi ba. Da Lasha zai yi abin da Na'im ya yi gwargwadon jikinsa, da sai ya ɗaga kilo 570. Ba a taɓa yin mutumin da ya kusanci haka ba.

Samarinmu na dandali ma haka lissafinsu yake. Ƙato ya ɗaga 90 yana da kilo 100, bai kai nauyin kansa ba. Siriri ya ɗaga 75 yana da kilo 55, ya wuce nauyin kansa da kilo 20. Kowannensu ya ci tambaya ɗaya, ya faɗi ɗaya.

Tsani mai hawa da sauka

Kada wani ya ce Na'im da Lasha dabam suke da sauran mutane. Mu dubi wasannin Olamfik na 2024 a birnin Paris, inda aka raba maza aji 5 bisa nauyin jiki. Ga jimillar da zakaran kowane aji ya ɗaga, ɗagawa biyun a haɗe:

Ajin kilo 61, ɗan ƙasar Sin: kilo 310, nauyinsa sau 5 da ɗan ɗoriya.

Ajin kilo 73, ɗan Indonesiya: kilo 354, ya kusa sau 5.

Ajin kilo 89, ɗan Bulgariya: kilo 404, sau 4 da rabi.

Ajin kilo 102, ɗan ƙasar Sin: kilo 406, sau 4.

Ajin manya, Lasha: kilo 470, sau 2 da rabi da ɗan ɗoriya.

Ku karanta daga sama zuwa ƙasa. Kilo yana hawa, ninki yana sauka. Wajen mata ma haka ne. A wannan gasa zakarar ajin kilo 49 ta ɗaga jimillar kilo 206, fiye da nauyinta sau 4. Zakarar ajin manya ta ɗaga kilo 309, wajen nauyinta sau 2. Abin da ya bayyana wajen maza da mata, shekara da shekaru, ba sa'a ba ce. Akwai dalili.

Dalilin yana cikin kwalin sukari

Ku samo sukari mai ƙwaya irin na shayi ku gwada. Ajiye ƙwaya ɗaya. Yanzu gina wata babba wadda ta ninka ta a tsawo, ta ninka ta a faɗi, ta ninka ta a tsayi. Ƙwaya nawa ta ci? 2 sau 2 sau 2, ƙwaya 8. Ke nan nauyi ya ninka sau 8. Amma dubi fuskarta ta gefe ɗaya ka ƙirga: ƙwaya 4 kawai za ka gani.

Yanzu ku tuna da igiyar guga. Ƙarfinta yana ga kaurinta. In ka ƙara mata tsawo, nauyi ka ƙara mata, amma gugan da zai tsinke ta jiya shi zai tsinke ta yau. Tsokar jikin mutum da ta dabba kamar damin igiyoyi take, ƙarfinta yana bin kaurinta, wato fuskar nan mai ƙwaya 4. Nauyin jiki kuwa yana bin ginin duka, mai ƙwaya 8. Saboda haka in halitta ta ninka ta kowane gefe, ƙarfinta zai ƙaru sau 4, nauyinta sau 8. Ta ƙara ƙarfi tsantsa, amma gwargwadon jikinta ta koma rabi. Wani masani ɗan Italiya mai suna Galileyo ya yi bayanin wannan ƙa'ida tun a 1638.

Shi ya sa tururuwa take jan ƙwayar hatsin da ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba, ta kai ta rami. Raƙumin ayari da ke ɗauko kantun gishiri daga Bilma kuwa, kayansa ba ya kai rabin nauyin jikinsa. Gwargwadon jiki tururuwa ta fi raƙumi. Amma ba wanda zai aiki tururuwa Bilma. Kuma da za ta girma ta kai raƙumi da siraran ƙafafunta, da ko kanta ba za ta iya ɗauka ba.

Wajen mutane, ƙa'idar tana cewa wanda ya ninka ɗan'uwansa nauyi, in horonsu ɗaya ne, ƙarfinsa zai kai wajen ninki 1 da rabi da ɗan ƙari, ba zai kai ninki 2 ba. Wajen manya-manyan ƴan wasa abin ma bai kai haka ba, don wani kashi na nauyinsu kitse ne, kitse kuwa ba ya ɗaga kome.

Ga abin da za mu fahimta. In aka ƙirga kilo kawai, an zalunci ƙarami. In aka yi rabawa kawai, an zalunci babba. Kowane awo yana da ɗan gidansa.

Yadda masu wasan suka raba gardama

A wasannin Olamfik na farko, a 1896 a ƙasar Girka, ba a raba masu ɗaga ƙarfe ba. Babba da ƙarami wuri ɗaya suka kara. Daga 1920 aka fara raba su aji-aji bisa nauyin jiki, aji 5 a lokacin. Tun daga nan an sha canza iyakokin ajin, amma dabarar tana nan: kowa ya kara da tsaransa. Mata sun shiga wasan a Olamfik a shekarar 2000, kuma a wannan shekara Rut Ogbeifo ta Nijeriya ta ci lambar azurfa a ajin kilo 75.

Wani lokaci akan samu gwanin da ya tsallake ajinsa. A 1936 a birnin Barlin, wani Bamisire mai suna Khadr El Tuni ya ci zinariya a ajin kilo 75 da jimillar kilo 387 da rabi. A wancan zamani ɗagawa iri 3 ake haɗawa. Wanda ya ci ajin da ke sama da nasa kilo 372 da rabi ya ɗaga, wato El Tuni ya fi shi da kilo 15. Na'im ma ya yi irin wannan a 1988: zakaran ajin da ke sama da nasa kilo 340 ya haɗa, shi kuwa 342 da rabi. Irin waɗannan ne ake cewa sun ci tambaya biyun gaba ɗaya, kuma ba su da yawa.

In mutum biyu suka yi kunnen doki fa? Shekaru da yawa doka ta ce wanda ya fi rashin nauyi shi ya ci. A shekarar 2000 a birnin Sidni, mutum 3 suka ɗaga kilo 390 cif a ajin kilo 85, sikeli ne ya raba su, ɗan Girka ya tafi da zinariya. A 2017 aka canza dokar, aka ce wanda ya riga kai jimillar shi ya ci.

Sauran tambaya ɗaya: in ana son a fid da gwanin gwanaye cikin dukkan azuzuwa, yaya za a yi? Wani malamin lissafi ɗan Kanada, Roy Sinkila, ya tsara wata hanya. Ya dubi mafi nauyin abin da aka ɗaga a duniya a kowane aji, ya fid da lamba ga kowane nauyin jiki. Ta ƙarami babba ce, ta babba ƙarama ce. Sai a ninka jimillar mutum da lambarsa. Amsar tana nufin: da wannan mutum zai zama ƙato da irin gwanintarsa, kilo nawa zai ɗaga? Ana sabunta lambobin kowace shekara 4. In aka auna Na'im da Lasha da wannan hanya, babbar tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa ƙwarai, dukkansu suna sahun gaba.

Mu ma Nijar mun ci amfanin raba aji, ko da yake a wasu wasanni ne. Lambarmu ta farko a Olamfik, ta tagulla, Isaka Dabore ya ciyo ta a damben zamani a birnin Munik a 1972, a ajin kilo 63 da rabi. Da ba a raba aji ba, da da ƙattai masu kilo 90 zai kara. Ta biyu, ta azurfa, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo ta a takwondo a birnin Riyo a 2016, a ajin waɗanda suka wuce kilo 80. Ɗaya mara nauyi, ɗaya dogo ƙaƙƙarfa, kowa ya ɗaga tutar ƙasa a ajinsa.

Wani zai ce: ai kokowarmu ta takobi, da aka fara a Tawa a 1975, ba a raba aji, kuma mukan ga ƙarami ya kā da babba. Gaskiya ne. Amma a kokowa abokin karawarka mutum ne. Yana da ƙafar da za a taɗe, yana da hankalin da za a ɗauke, yana iya gajiya. Ƙarfe ba shi da ko ɗaya. Kilo 100 kilo 100 ne a gaban kowa, shi ya sa wasan ɗaga ƙarfe ba ya yiwuwa sai da sikeli.

Masu yi ma sikeli wayo

Inda aka sa awo, ba a rasa mai neman hanyar zagaye. Wasu sukan ƙi ci su ƙi sha don su faɗa ƙaramin aji, har su sha maganin sa fitsari don jiki ya zubar da ruwa. A 1988 a Sewul, ƴan Bulgariya 2 sun ci zinariya, aka gano irin wannan magani a jikinsu, aka karɓe lambobin. Ban da kunya, jikin da ya bushe yana iya jawo suma da ciwon ƙoda.

A wajenmu abin da ya fi yawa shi ne akasin haka. Saurayi yana son ya zama ƙato, sai ya sayi ƙwayoyin ƙiba a kasuwa wajen masu tallar magani. Waɗannan ƙwayoyi ruwa da kitse suke tarawa. Wasunsu ma suna rage tsoka, suna raunana ƙashi, suna tayar da hawan jini da ciwon sukari. Ku yi lissafin da kanku: mutum mai kilo 60 yana ɗaga 60, ya sha ƙwaya ya koma kilo 70, har yanzu 60 yake ɗagawa. Ƙarfi tsantsa bai ƙaru ba, ƙarfi gwargwadon jiki ya ragu, kuɗi sun tafi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Tsoka ba ta zuwa sai da aiki, da abinci mai gina jiki kamar wake da gujiya da nono da ƙwai, da barci isasshe.

Abin da ya shafi aikinmu

Kowane irin ƙarfi yana da ranarsa. In mota ta kafe a rairayi, ko sa ya faɗa rami, ko za a ɗora buhu bisa babbar mota, ƙarfi tsantsa ake nema, don kayan ba ya raguwa saboda mai ɗaukarsa ƙarami ne. In kuwa za a hau giginya ko dabino, ko a shiga rijiya a fito da igiya, ko a hau jinkar rumbu, jikinka ne kayanka. A nan siriri mai ƙarfi gwargwadon jiki ya fi ƙato. Mai gida ko sarkin aiki mai hankali yakan ba kowa aikin da ya dace da irin ƙarfinsa.

Yanzu mu dubi ƴan dako. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara cewa kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai kada ya wuce kilo 55, na mata da matasa kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Buhun hatsi na kasuwanninmu yakan kai kilo 100. Ɗan dako mai kilo 60 da ya saɓa shi ya ɗauki nauyin kansa da ƙarin kilo 40. Ɗan wasa ƴan daƙiƙoƙi yake riƙe ƙarfe ya yar, sau 6 a ranar gasa, bayan shekaru na horo. Ɗan dako kuwa tafiya yake yi da buhu, ya hau katako da shi, tun safe har yamma. Ƙarshenta sai ciwon baya da na gwiwa, wani ma gwaiwa ta sauko masa. Ranar da ya kwanta, ba buhu, ba kuɗin cefane. Maganin ba shi da tsada: mutum biyu su kama buhu ɗaya, ko a raba shi biyu, ko a kawo amalanke kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai yara, kuma nan ne rabawa ta fi amfani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido mai lita 20 kilo 20 ne. Yarinya mai kilo 30 da ta ɗauko shi daga rijiya ta ɗauki kashi 2 cikin 3 na nauyinta. Ubanta mai kilo 75, in zai ji abin da take ji, sai ya aza buhun siminti mai kilo 50 a kansa, ya taho da shi daga rijiya har gida, ya koma ya sake. Ga ido bido ƙaramin kaya ne. Ga wuyan yarinya buhun siminti ne.

Kada kuma wani ya kawo hujja da tururuwa, ya ce ai ƙarami ya fi ƙarfi gwargwadon jiki, don haka yaro zai iya. Wannan ƙa'ida tsakanin baligi da baligi take aiki. Na'im gajere ne, amma cikakken namiji ne ɗan shekara 21 da ya daɗe yana horo. Yaro kuwa ƙashinsa bai gama ƙosawa ba, tsokarsa ba ta cika sai bayan balaga. A ba shi ƙaramin bido ko rabin babba, ko da zai ƙara sawu. In akwai jaki ko kura, su suka fi cancanta da kayan.

Shawara ga samari da masu shirya wasa

1. Ku auna ƙarfen kansa. Siminti a gwangwani ba a san nauyinsa da ido. Ku kai shi sikelin kasuwa, ku rubuta lambar a jikinsa. Ku tabbata hagu da dama nauyinsu ɗaya.

2. Ku auna kowane ɗan wasa a ranar gasa, a sikeli ɗaya, a gaban jama'a, a rubuta.

3. Ku raba aji ko da 3 ne: ƙasa da kilo 60, daga 60 zuwa 75, da sama da 75. Kowa ya kara da tsaransa.

4. Ku ajiye kyauta biyu ta musamman: ɗaya ga wanda ya fi kowa yawan kilo, ɗaya ga wanda ya fi kowa ninki. Ku faɗa tun kafin a fara, don kada gardama ta tashi daga baya.

5. Sabon shiga ya fara da sanda kawai har ya iya tsayuwa da durƙuso. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Yara kada su shiga gasar wa ya fi nauyi.

6. In za ka ɗaga kaya daga ƙasa, ko ƙarfe ne ko buhu, lanƙwasa gwiwa, ka miƙe baya, ka jawo kayan kusa da jiki, ka tashi da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. In ka ji wani abu ya soke ka a baya ko a mara, ka ajiye, ka je likita.

7. Mafi kyawun abokin gasa shi ne littafinka. Rubuta nauyinka da abin da ka ɗaga a farkon wata, ka sake rubutawa a ƙarshensa. In ninki ya hau, ka ci gaba.

Kafin mu rufe, ga aikin gida. Samari 3 sun yi gasa. Na farko yana da kilo 50, ya ɗaga 60. Na biyu yana da kilo 80, ya ɗaga 88. Na uku yana da kilo 64, ya ɗaga 80. Wa ya ci kyautar ƙarfi tsantsa? Wa ya ci ta ƙarfi gwargwadon jiki? Ku zauna ku yi rabawar tare, wanda ya iya ya nuna ma wanda bai iya ba. Ku aiko da amsa ta hannun malamin yaƙi da jahilci na garinku, tare da sunan garin.

Allah ya ba mu lafiya da ƙarfin neman halal. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.